Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Teku: Wa Ke Auna Mana Tekun Da Ke Ba Mu Damina?

Mai girma Minista,

 Tun da aka ƙirƙiro ma'aikatarka a watan Agustan 2023, kusan duk maganar da ake yi a kanta ba ta wuce tashoshin jiragen ruwa, kuɗin shiga, kamun kifi da 'yan fashin teku. Shi ya sa manomin Katsina ko makiyayin Gashuwa, wanda ɗaruruwan kilomitoci suka raba shi da gaɓa, yake ɗaukar ma'aikatar a matsayin ta mutanen Legas da Fatakwal, babu abin da ya haɗa shi da ita. Ni kuwa ina ganin babu wanda ya fi shi haƙƙi a kanta. Ruwan da yake jira ya yi shuka, wani babban kaso nasa daga tekun Atilantika yake tasowa, kuma zafi ko sanyin fuskar wannan teku na cikin abubuwan da ke yanke hukuncin ko damina za ta zo da wuri, ko za ta yi jinkiri, ko za ta ɗauke ana tsakiyar noma. Yau shekara kusan 30 ke nan wasu ƙasashe uku na auna wannan yanki na teku dare da rana da kuɗinsu da jiragensu, mu kuma muna amfana ba tare da sanya ko kwabo a asusun ba. Roƙona a wannan wasiƙa shi ne Nijeriya ta shiga wannan aiki a matsayin mai hannun jari, da jirginta da ma'aikatanta da kasonta a kasafin kuɗi.

Na san maganar za ta yi wa wasu bambaraƙwai, domin duk wanda ya tashi a Arewa ya san daga gabas hadari ke haɗowa. Gaskiya ne, gungun gajimaren da ke zubar da mafi yawan ruwanmu daga gabas yake tafiya zuwa yamma, saboda iskar da ke can sama ita ke tura shi. Amma danshin da yake sha ya yi nauyi, a ƙasa-ƙasa yake shigowa, cikin iskar kudu maso yamma da ke tasowa daga Mashigin Gini. A watannin bazara ƙasar Sahara na ɗaukar zafi sosai, iskar da ke kanta ta yi sama, sai iska mai laima daga teku ta kwararo don cike gurbin. A daidai wannan lokaci, wajen Mayu zuwa Yuni, ruwan sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku a kan layin ikwaita, kudu da gaɓar Ghana da Kwaddebuwa, har zafin fuskar ruwan ya sauka da digiri huɗu zuwa biyar cikin 'yan makonni. Wannan bambanci tsakanin teku mai sanyi da tudu mai zafi shi ke ƙara wa iskar damina ƙarfin kutsawa arewa. Masana biyu na Faransa, Benjamin Sultan da Serge Janicot, sun nuna a 2003 cewa layin ruwan sama ba ya hawa arewa sannu a hankali, tsalle yake yi daga yankin gaɓa zuwa tsakiyar ƙasa, kuma matsakaicin ranar wannan tsalle ita ce 24 ga Yuni. Idan ruwan sanyin nan ya makara, ko bai yi ƙarfi ba, damina kan daɗe tana zuba a kudu, Arewa na kallon sama. A 1984, shekarar da fari ya fi tsanani a Sahel cikin ƙarnin da ya wuce, Mashigin Gini ya yi ɗumin da ba a saba gani ba.

An sha wahala kafin a kai ga wannan sani, kuma kafin a kai gare shi mutanenmu aka ɗora wa laifi. Bayan farin 1972 zuwa 1974, bayanin da ya fi karɓuwa a duniya shi ne na masanin nan ɗan Amurka, Jule Charney, wanda ya kawo a 1975 cewa yawan kiwo da sare itatuwa sun tsiraita ƙasa, ƙasa tsirara tana mayar da hasken rana sama, hakan kuma na hana hadari haɗuwa. A taƙaice, talakan Sahel ne ya jawo wa kansa fari da akuyarsa da gatarinsa. An gina manufofi da ayyukan agaji masu yawa a kan wannan fahimta. Sai a 1986 Folland da Palmer da Parker na hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa shekarun fari a Sahel na tafiya tare da wani salo na zafin tekunan duniya, inda na kudu ke ɗumama fiye da na arewa. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin zafin teku kaɗai daga 1930 zuwa 2000, ba tare da sun gaya mata komai game da kiwo ko sare daji ba, sai ga ta ta fito da shekarun albarka na 1950 da shekarun fari na 1970 da 1980 kusan yadda suka auku. Bincike na baya ya ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ta Arewa ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atilantika a wancan zamani. Ba ina cewa lalata daji ba ta da illa ba, tana da ita. Amma raguwar ruwan Sahel da kusan kashi 30 cikin 100, da ƙanƙancewar tafkin Chadi daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2,000 a shekarun 1980, asalinsu yana teku. Awon teku ne ya wanke makiyayinmu daga zargin da ya ɗauka shekara da shekaru, kuma ba mu muka yi awon ba.

Su wa ke yin sa? A 1997 Brazil da Faransa da Amurka suka kafa wani shiri mai suna PIRATA, wanda ya kai tashoshin awo masu iyo kimanin 18 a yankin Atilantika mai zafi. Kowace tasha an ɗaure ta da igiya mai tsawon kilomitoci zuwa wani nauyi da ke kwance a ƙasan teku. A samanta akwai na'urorin auna ƙarfin iska da inda ta dosa, da zafinta, da laimarta, da ruwan sama, da hasken rana. A jikin igiyar kuma akwai masu auna zafin ruwa har zurfin mita 500, da gishirinsa a sashen sama. Daga waɗannan alƙaluma ake lissafa abin da ke wucewa tsakanin ruwa da iska: yawan zafin da teku ya haɗiya ko ya saki, da yawan tururin da ya tashi. Wasu tashoshin har iskar kabon suke aunawa, domin teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wadda ɗan'adam ke fitarwa, da kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da ɗumamar duniya ke tarawa. Sakamakon na tafiya ta tauraron ɗan'adam, ya shiga cibiyoyin hasashen yanayi na duniya a ranar, kuma kowa na iya ɗaukarsa a intanet kyauta. Sau ɗaya a shekara jirgi kan je ya ciro kowace tasha ya sa sabuwa, saboda gishiri da rana da tsiron ruwa ba sa barin na'ura ta wuce haka da lafiya. Hukumar NOAA ta Amurka, da IRD da hukumar yanayi ta Faransa, da INPE da sashen safiyon ruwa na sojojin ruwan Brazil, su suka raba wannan nauyi a tsakaninsu. Bayan wannan akwai shirin Argo, wanda ya fara wajen shekarar 2000, yau yana da na'urori masu nutso kusan 4,000 a tekunan duniya. Kowace na nutsawa zuwa mita 2,000, ta taso bayan kwana 10 tana auna zafi da gishiri, ta aika da sakamako, ta sake komawa.

Duk shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina tun kafin faɗuwar ruwan fari, tana faɗin lokacin da ake sa ran ruwan shuka a kowace jiha, da lokacin ɗaukewarsa, da inda za a iya samun tsaikon ruwa a tsakiya. A watan Afrilu kuma masana na yankin kan taru ƙarƙashin cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD, waɗanda dukansu ke Yamai, su fitar da na Sahel baki ɗaya. Waɗannan hasashe ba daga kallon sararin Abuja ake samo su ba. Iska ba ta riƙe tarihinta fiye da mako biyu, teku ne ke riƙe zafi wata da watanni, don haka duk hasashen da ya wuce na 'yan kwanaki a kan yanayin teku yake tsaye, na Pasifik da na Indiya da na Atilantika har da Bahar Rum. Ke nan duk sanda ma'aikacin gona ya ce wa manomi ya dakata da shuka ko ya nemi iri mai saurin nuna, akwai hannun waɗancan tashoshi masu iyo a cikin shawarar, ko da shi kansa bai taɓa jin labarinsu ba.

To, mai cewa tun da kyauta ake ba mu, me zai sa mu kashe kuɗi, ya kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ita ce na fi so in tsaya a kanta. Amsa ta farko tana cikin taswirar tashoshin kanta. Wanda ya biya shi ke zaɓen wurin da za a kafa. Brazil na fama da fari a arewa maso gabashinta, sai aka ƙara tashoshi kusa da gaɓarta a 2005. Amurka na tsoron guguwar teku, wadda yawancinta daga hadarin da ya baro Afirka ta Yamma take samo asali, sai aka ƙara wasu a 2006 da 2007 a hanyar da guguwar ke bi, yamma da Senegal. Babu laifi a cikin wannan, kowa gabansa yake dubawa. Amma sakamakon shi ne ruwan da ke tsakanin layin ikwaita da gaɓar Nijeriya, wato ƙofar ƙarshe da iskar damina ke bi kafin ta hau tudu, ba shi da tashar PIRATA ko ɗaya. Kuma wannan ba yankin da masana suka gama fahimta ba ne. Manyan manhajojin lissafin yanayi na duniya sun daɗe da wani kuskure sananne a gabashin Atilantika, suna nuna ruwan ya fi yadda yake zafi da digiri da dama. Alaƙar zafin Mashigin Gini da ruwan Sahel ita ma ba a tsaye take ba, ta sauya salo bayan shekarun 1970. Har yau wasu manhajojin na cewa Sahel za ta ƙara samun ruwa a ƙarshen wannan ƙarni, wasu na cewa yammacinta zai bushe. Ƙasar da ke shirin gina madatsun ruwa da za su yi shekara 50 suna aiki tana da buƙatar a warware wannan saɓani fiye da Faransa ko Amurka, kuma ba a warware shi sai da awo a inda giɓin yake.

Amsa ta biyu ita ce kayan aro ba ya rufe katara. A tekun Pasifik akwai irin wannan shiri mai suna TAO, wanda aka kafa bayan ɗumamar tekun da ake kira El Nino ta 1982 zuwa 1983 ta zo wa duniya ba shiri, aka kammala shi a 1994 da tashoshi kusan 70. A 2012 Amurka ta ajiye jirgin da ke kula da su don rage kashe kuɗi, kafin shekara biyu bayanan da ke shigowa sun faɗo zuwa kusan kashi 40 cikin 100. Wannan a tekun da Amurka ta fi damuwa da shi ke nan. A 2020 annobar korona ta sa an kira jiragen bincike gida, ayyukan gyara suka tsaya. A farkon 2025 shirin FEWS NET, wanda aka kafa a 1985 don gargaɗin yunwa bayan abin da ya faru a Sahel da Habasha, ya rufe shafinsa na tsawon watanni sakamakon dakatar da tallafin Amurka. A shekarar ce kuma fadar White House ta gabatar da kasafin da ya nemi a rushe sashen bincike na NOAA, wanda a ƙarƙashinsa ɗakunan binciken Seattle da Miami masu kula da kason Amurka na PIRATA suke, sannan ta sanar da ficewa daga UNESCO, uwar hukumar da ke daidaita awon teku a duniya. Kusan rabin na'urorin Argo Amurka ke saye. Ba sai mutum ya yi wa kowa mugun zato ba kafin ya ga cewa tsarin da ƙuri'ar majalisar wata ƙasa za ta iya girgiza shi bai kamata ya zama shi kaɗai ne madogarar noman mutum sama da miliyan 200 ba.

Wasu za su ce ai zamanin tauraron ɗan'adam ne, daga sama ana ganin komai. Tauraro fatar ruwa kawai yake gani, abin da bai kai kaurin farce ba. Bai san ko ruwan ɗumin da ke sama kaurinsa mita 10 ne ko 60 ba, alhali wannan kauri shi ke nuna ko ruwan sanyi na dab da ɓullowa. Na'urar da ta fi ganin zafi dalla-dalla gajimare na rufe mata ido, ƙurar hunturu kuma na sa ta yi kuskure, Mashigin Gini kuwa gidan gajimare ne da ƙura. Mai iya ratsa gajimaren ba ta gani da kyau kusa da gaɓa. Kuma duk abin da tauraro ya auna, sai an gwada shi da awon da aka yi a cikin ruwan kafin a amince da shi.

Sai batun da na san zai fi damun duk mai riƙe da kasafi: ƙasar da ke fama da 'yan bindiga da tsadar abinci da asibitoci marasa magani, ina ta ga kuɗin auna teku? Tambaya ce ta gaskiya, amma a dubi girman kuɗin. Na'urar Argo ta gama-gari kuɗinta na kusan dala 20,000 zuwa 25,000, tana kuma aiki shekara huɗu zuwa biyar ba mai taɓa ta. Shirin tsaron teku na Deep Blue da aka ƙaddamar a Yunin 2021 ya ci dala miliyan 195. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, an ƙiyasta asararta a kan naira tiriliyan 2.6 a kuɗin wancan lokaci. Ta 2022 ta kashe sama da 600. Ba zan ce tashar awo za ta hana ambaliya ba, domin sakin ruwan madatsar Lagdo, da toshewar magudanai, da gini a hanyar ruwa, da sakacin gyara irin wanda ya kai ga ɓallewar madatsar Alau a kan Maiduguri a Satumban 2024, duk suna da nasu kaso. Abin da awo ke saya shi ne lokaci: sanin cewa bana damina mai nauyi ce tun watanni kafin ta zo, ko sanin cewa ruwan farko na yaudara ne, kada manomi ya zuba irin da ya ciyo bashi ya saya, ko ya yi binne ya ruɓe a ƙasa. Mafi tsada a wannan aiki shi ne kwanakin jirgi a teku, kuma a nan ne muke da abin bayarwa. Jirgin Faransa kan taso daga Mindelo a Kef Bad ya yi makonni kafin ya zagaya tashoshin gabas, mu kuwa mun fi kusa da su. Cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas tun 1975 take, ta kuma samu jirgin bincike mai suna Bayagbona a 2014. Sojojin ruwa sun karɓi jirgin safiyo NNS Lana a 2021. Ko da waɗannan ba su kai girman ɗaga tasha daga zurfin mita 4,000 ba, sun isa su saki na'urori masu nutso, su ɗebi samfurin ruwa a kan layi ɗaya duk wata uku, su kafa tashoshi a ruwan da bai kai wannan zurfi ba.

Akwai ma abin da ba ya buƙatar sayen komai. Rijiyoyin man da ke can cikin teku, irin su Bonga da Agbami da Egina, suna da na'urorin auna iska da igiyar ruwa don tsaron aikinsu, a daidai yankin da babu tashar kowa. Amurka ta wajabta wa kamfanonin da ke haƙar mai a zurfin Mashigin Meziko tun 2005 su riƙa miƙa awon gudun ruwa ga cibiyar gwamnati, kowa na gani. Me zai hana a yi haka a nan, a sa shi cikin sharuɗɗan lasisi? Haka jiragen kasuwa da ke shiga Apapa da Onne, da yawa za su karɓi na'urar awo idan hukumar NIMASA da NiMet suka nema, domin tsarin jiragen sa-kai tsoho ne a duniya. Sannan akwai gudummawar tsaro. Tun 1999 aka janye tashoshin PIRATA biyu na kusa da ikwaita saboda ɓarnar masu kamun kifi, kasancewar kifi na taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke iyo, masunta kuma na ɗaura jiragensu a jiki. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a Mashigin Gini aka sace su, kuma babu jirgin bincike da zai so tsayawa sa'o'i wuri ɗaya a irin wannan ruwa. Yanzu da lamarin ya yi sauƙi, Nijeriya na iya cewa abokan aiki su dawo, ta yi musu rakiya.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da barin baƙi su yi awo a ruwanmu, suna ganin ƙofar leƙen asiri ce. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1986, ta riga ta ba mu ikon ba da izini ko hanawa a cikin mil 200 na ruwanmu, da haƙƙin sa masananmu a cikin jirgin, da haƙƙin karɓar sakamakon. Wanda ke da ƙwararrun da za su hau jirgin su fahimci abin da ake yi shi ke iya amfani da wannan haƙƙi. Wanda ba shi da su, ko dai ya sa hannu a makance, ko ya ƙi sa hannu ya cuci kansa. Zafin ruwa da laimar iska ba sirrin soja ba ne, kuma iskar da za ta sauka a Sakkwato ta ratso ruwan ƙasashe biyar ko shida, ɓoye namu kason ba ya ƙara mana komai.

Maƙwabta da ba su kai mu ƙarfi ba sun gane wannan. Kef Bad, mai mutane kusan rabin miliyan, ta ba da wuri a tsibirin Sao Bisente aka kafa tashar auna iska a 2006 tare da Birtaniya da Jamus, a 2017 kuma aka buɗe cibiyar kimiyyar teku a Mindelo tare da cibiyar GEOMAR ta birnin Kiel. Wani abin da suke aunawa a can namu ne: ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi da sauran sassan Sahara, ta bi ta kanmu ta faɗa teku, ta kai wa ƙananan tsirran ruwa sinadarin ƙarfe, ta kuma tare hasken rana ta rage zafin ruwan. Jamhuriyar Benin ta karɓi baƙuncin jiragen binciken da suka yi aiki a Mashigin Gini daga 2005 zuwa 2007 ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, daga nan ta buɗe digiri na biyu a kimiyyar teku a Kwatano a 2008, ɗaliban yankin na zuwa. Mu ma ba daga sifili za mu fara ba, akwai shirin WASCAL da ke horar da masu digirin digirgir kan yanayin Afirka ta Yamma a Jami'ar Fasaha ta Akure. Abin da ya daɗe yana faruwa shi ne baƙi su zo da babban shiri, kamar na 1974 da aka yi daga Dakar da jiragen ruwa kusan 40, ko na 2006 da ya mai da Yamai sansaninsa, a yi awo na 'yan watanni ko shekaru, kuɗi su ƙare, kayan aiki su mutu. Darajar awon yanayi kuwa tana cikin rashin yankewarsa. Shekara 30 a jere da na'ura mai araha ta fi shekara uku da mai tsada.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da na fi jin tsoro, wato halinmu na sayen kaya a yi bikin ƙaddamarwa a manta da kuɗin mai da na gyara. Idan haka za a yi, gara kada a fara, don tashar da aka bari ta mutu tana zubar da mutuncin ƙasa a idon abokan aiki. Akwai kuma matsalar rarrabuwa: NiMet na ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama, hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya na ƙarƙashin ta albarkatun ruwa, jiragen soja na ƙarƙashin ta tsaro, manomi kuma na ta noma. Kowa na riƙe da yanki, babu mai ɗaukar nauyin abin da ke faruwa tsakanin ruwa da iska. Ma'aikatarka ce kaɗai sunanta ya ɗora mata teku gaba ɗayansa, don haka kai ne ya dace ka tara su a teburi ɗaya. Masu cewa hasashen ba ya isa ga manomi, ko yana isa da Turancin da ba ya ji, su ma suna da gaskiya, sai dai wannan dalili ne na gyara hanyar isarwa ta rediyo da malaman gona. Idan tushen hasashen ya raunana, ko an kai shi kowane ƙauye ba zai amfana ba, kuma manomin da aka yaudara sau biyu ba zai sake saurara ba. Shi kuwa mai cewa ruwa na Allah ne, babu mai musa masa. Iyayenmu da ke duban zuwan shamuwa da juyawar iska kafin su fitar da iri ba su taɓa ɗaukar hakan a matsayin shiga gaibu ba, lura ce da alamun da Allah ya sanya, kuma zafin teku ɗaya ne daga cikinsu.

Ranka ya daɗe, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na kimiyyar teku, ta kuma sa 2027 a matsayin wa'adin da kowane ɗan'adam zai samu gargaɗin bala'in yanayi kafin ya auku. Ƙofar neman abokan aiki da tallafi a buɗe take yanzu. Ina roƙonka ka rubuta wa ƙasashen uku masu PIRATA cewa Nijeriya na son ɗaukar nauyin faɗaɗa shirin zuwa arewacin Mashigin Gini, ka nemi takwaranka na man fetur a wajabta wa rijiyoyin cikin teku miƙa awonsu ga NiMet, kuma ka sa layi na dindindin a kasafin baɗi don kwanakin jirgi, da na'urori masu nutso, da albashin matasan da za su kula da su, layin da ba zai dogara da tallafin kowa ba.

Wassalam.